Bibiyar ido

bibiyar ido (sn., mc.) Fasahar da ke sa allo ya gane inda idanun mai kallo suke, don ya nuna masa hoto mai zurfi ba tare da tabarau ba. Ƙaramar kyamara a goshin allon ce ke bin idanun, manhaja kuma ta aika wa kowane ido nasa hoton ta tsakanin wasu siraran layuka da ke cikin allon. Ko mutum ya gyara zama, hoton ba ya rikicewa. Galibi mutum ɗaya take yi wa aiki a lokaci guda. Kamfanin Nintendo ya sa ta a na'urar wasansa ta New 3DS a 2014. *Misali:* Ɗaliban kwamfuta a Ƙaura Namoda suna nazarin bibiyar ido.