Mai Kula da Kwamfutar Asibiti: Abin Dubawa Kafin a Ɗauke Shi

Duk wanda ya kai mara lafiya asibiti a Legas, Ibadan ko Fatakwal a 'yan shekarun nan, zai yi wuya bai taɓa jin an ce masa "a dakata, netwok ya tafi" ba. Asibitoci da dama sun bar katin takarda sun koma kwamfuta. Wannan bayani na 'yan uwanmu ne masu ɗan asibiti ko ɗakin gwaji, da 'yan kwamitin unguwa da ke sa ido kan irin waɗannan wurare. Sayen manhaja abu ne na rana ɗaya, amma wanda zai riƙe ta shi ne za a zauna da shi shekara da shekaru.

Mene ne aikinsa

Manhajar asibiti ita ce ke riƙe sunan mara lafiya, tarihin ciwonsa, sakamakon gwajin jini, maganin da aka rubuta masa da kuɗin da ya biya. Akwai wadda ake saya a wajen kamfani, akwai kuma ta kyauta kamar OpenMRS, wadda aka fara a 2004 kuma ake amfani da ita a ƙasashen Afirka da yawa. To amma ko ta kyautar ce, sai an biya mai girka ta da mai kula da ita.

Aikin mai kulawar shi ne ya tabbatar manhajar tana tafiya, ya riƙa sabunta ta, ya ajiye kwafin bayanai, ya buɗe wa sabon ma'aikaci shafinsa, ya rufe na wanda ya bar aiki, ya kuma koya wa nas-nas da masu ba da kati yadda za su yi da ita. Ka ga wannan ba aikin mai gyaran waya ba ne, ko da kuwa ya ƙware a gyaran.

Hanyoyi uku na samunsa

Ta farko, asibiti ya ɗauki nasa ma'aikacin da albashi. Kullum yana nan, ya san lungu da saƙon wurin. Illar ita ce mutum ɗaya ne: ranar da ya yi tafiya gida sallah ko ya sami aiki mai tsoka, komai sai ya tsaya.

Ta biyu, a dogara da kamfanin da ya sayar da manhajar. Su suka fi kowa saninta, sai dai yawanci daga nesa suke gyara ta intanet. In wayar netwok ce ta tsinke ko firinta ta ƙi, za su ce ba huruminsu ba ne.

Ta uku, a yi kwantiragi da kamfanin da ke turo ma'aikata wurare daban-daban. Ya fi sauƙin kuɗi ga ƙaramin asibiti, kuma in wannan ba ya nan akwai wancan. Amma fa kana layi ne tare da sauran kwastomominsu. Ga ƙaramin wuri, abin da ya fi shi ne a haɗa biyu: mutum ɗaya a ciki mai iya ƙananan gyare-gyare, da kamfani a bayansa don manyan matsaloli.

Abin da doka ta ce

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa mai riƙe da asibiti nauyin ajiye bayanan marasa lafiya, da hana wanda ba shi da izini ganinsu. Sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma in an yi kutse da zai iya cutar da mutane, dole a sanar da hukumar cikin awa 72. Wato in yaron kwamfuta ya yi sakaci sakamakon gwajin wata mata ya fita waje, asibitin ba zai ce ba ruwansa ba.

Tambayoyin da za ka yi

A kara ba a ba baƙo shanu bashi sai da maigidan da ya tsaya masa. Nan ma haka ne. Ka nemi sunayen asibitoci biyu ko uku da yake wa aiki, ka je da ƙafarka ka tambayi nas ɗin dare, ba mai asibitin kaɗai ba. In kamfani ne, ka duba rajistarsa da CAC. Ka kuma tambaya ko yana da rajista da CPN, hukumar da aka kafa a 1993 don yi wa masu sana'ar kwamfuta rajista.

Sai batun lokaci. In manhaja ta tsaya ƙarfe biyun dare, wa za a kira, kuma cikin awa nawa zai iso? A rubuta wannan a yarjejeniya. Wanda ofishinsa ke Lekki ba zai iso Agege cikin minti talatin ba, ko me ya faɗa maka.

Sai kwafin bayanai. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin asibitin saboda gobara, ambaliya ko ɓarayi. Kada ka tsaya a "muna ajiyewa". Ka ce ya dawo da bayanan jiya a gabanka ka gani da idonka.

Sai sabuntawa. A ranar 12 ga Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati da dama a Ingila, har aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Alhali tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da zai toshe ƙofar, ba a sa ba ne kawai. In haka ta sami Ingila, ina ga mu? Ka tambaye shi me zai yi da kwamfutocin da har yanzu ke kan Windows 7, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020.

Sai wuta. Wanda bai yi maka maganar inbata ko sola ba, da takardun da za a koma kansu in komai ya ɗauke, bai san asibitin Najeriya ba.

Mabuɗi a hannun wa?

Wannan ya fi duk sauran. Babbar kalmar sirri ta manhajar dole mai asibiti ya kasance yana da ita, a rubuce, a kulle. Kowane ma'aikaci kuma da tasa, kada a ce ɗaya ce kowa ke shiga da ita, don in an taɓa fayil a san hannun wa. Yarjejeniyar ta faɗi ƙarara cewa bayanan na asibiti ne, kuma ranar rabuwa za a miƙa su cikakku, a tsarin da wata manhajar za ta iya karantawa. In ba haka ba, ranar da kuka saɓa kan kuɗi, tarihin mai ciwon suga da na mai juna biyu yana aljihun wani.

Wanda ya ƙi yarda a rubuta wannan sharaɗin, komai arhar farashinsa, a sallame shi cikin mutunci a nemi wani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.