Kiwon murjani da kifaye masu zaɓen abinci a cikin gida

A ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya, akwai mutanen da ke ajiye wani ɗan yanki na teku a falonsu, wato tankin gilashi cike da ruwan gishiri, da murjani mai rai, da kifaye masu launi iri-iri.

Abin yana da ban sha'awa ga mai kallo, to amma yana cikin nau'o'in kiwo mafiya wahala da cin kuɗi. Sau da yawa yunwa ce ke hallaka waɗannan halittu, alhali kuwa mai tankin na zuba abinci safe da yamma.

Mene ne murjani?

Hausawa sun san murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke sawa a wuya, kalmar kuma daga Larabci aka aro ta. Irin wancan, galibi daga ƙarƙashin Bahar Rum ake ciro shi.

Wanda ake kiwo a tanki ɗan uwansa ne da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi kuma marar zurfi, kamar gaɓar Bahar Maliya a kusa da Jidda da Port Sudan, da tsibiran Indunusiya, da arewa maso gabashin Ostireliya.

Ko da yake ya yi kama da dutse ko tsiro, murjani dabba ne. Tarin ƙananan halittu ne masu siffar fure, kowacce da bakinta da 'yan hannuwa kewaye da shi. Wasu nau'o'in suna gina wa kansu ƙashi mai tauri daga sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwa, wasu kuwa jikinsu mai laushi ne.

A cikin naman yawancinsu akwai wata gansakuka wadda ido ba ya iya gani, da masana ke kira zuzanteli. Ita ce ke sarrafa hasken rana ta samar da abinci, tana ba murjanin har kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da yake buƙata, shi kuma yana ba ta mafaka.

Don haka fitilar da ke saman tanki daidai take da akushin murjani. A yanzu fitilun LED aka fi amfani da su, kuma akan kunna su tsawon sa'o'i takwas zuwa goma sha biyu a rana.

Ita gansakukar launinta ruwan ƙasa ne. Kore da ja da ruwan goro da ke ɗaukar ido suna fitowa ne daga wasu sinadarai na jikin murjanin kansa, waɗanda ke ƙyalli a ƙarƙashin shuɗin haske. Idan datti ya yi yawa a ruwa, gansakukar kan ƙaru ta rufe launin, murjanin ya koma ruwan ƙasa. Idan kuma zafi ko haske ya wuce kima, sai ya fitar da ita daga jikinsa ya yi fari fat.

Wannan farin dai alamar yunwa ce, kuma shi ne abin da ya auka wa murjanin tekunan duniya a shekarun 1998 da 2016 da kuma 2024. Ƙarin zafi na digiri ɗaya kacal a kan abin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo hakan.

Akwai kuma nau'in da ba shi da wannan gansakuka sam, kamar Tubastraea mai launin ruwan goro. Shi sai an bi bakunansa ɗaya bayan ɗaya ana ɗura masa abinci sau da dama a mako, aikin da ba kowa ke iya jurewa ba.

Ruwa kafin kifi

Masu wannan kiwo kan ce aikinsu na farko kula da ruwa ne. Ana so zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyas, gishirinsa kuma ya kai kimanin giram 35 a kowace lita, kamar na teku. Kalsiyam kuwa tsakanin miligiram 400 zuwa 450 a lita.

Abin da murjani ya fi ƙi shi ne sauyi na farat ɗaya. Alal misali, ruwa na ƙafewa kullum amma gishiri na nan, saboda haka da ruwan daɗi da aka tace ake cike giɓin. Wanda ya cike da ruwan gishiri, to a hankali zai mai da tankinsa kanwa.

Sabon tanki na buƙatar makonni huɗu zuwa shida kafin a saka kifi, domin a ba ƙwayoyin bakteriya masu amfani damar yaɗuwa. Su ne ke sauya gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi zuwa sinadarin da bai kai ta illa ba.

Tsarin da aka fi bi a yau ya samo asali ne daga masu kiwo na birnin Berlin na ƙasar Jamus a shekarun 1970. Ya ƙunshi haske mai ƙarfi, da na'urar da ke tsamo datti ta hanyar kumfa, da kuma abin da ake kira dutse mai rai, wato dutse mai ramuka da ke cike da bakteriya da ƙananan halittun teku.

Duk waɗannan na'urori da wutar lantarki suke aiki. Idan famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i, iskar shaƙa da ke cikin ruwa kan ragu har kifaye su fara mutuwa. A wuraren da wuta ba ta tsayawa, babu batun fara kiwon sai an tanadi batir ko janareto.

Kifayen da ba sa cin abin da aka ba su

Kifaye da dama na karɓar busasshen abinci na gwangwani ba tare da wata matsala ba. To sai dai wasu daga cikin mafiya kyau ba haka suke ba.

Babban misali shi ne kifin mandarin na yammacin tekun Pasifik. Tsawonsa bai wuce santimita takwas ba, jikinsa kuma zane ne na shuɗi da kore da ruwan goro kamar an yi masa aikin surfani. Yini yake yi yana bin duwatsu a hankali, yana tsintar wasu mitsi-mitsin halittu dangin jatan lande da ake kira kofifod.

Wanda aka kamo daga teku sau da yawa ba ya ma gane cewa mataccen abinci abin ci ne. A sabon tanki yakan cinye kofifod ɗin da ke ciki cikin 'yan makonni, daga nan sai rama ta fara. Da yake kifi ne mai nutsuwa da ma, mai shi ba ya lura sai cikinsa ya shafe, lokacin da taimako ya yi wuya.

Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar a jira tanki ya yi wata shida zuwa shekara guda, ya kasance babba kuma cike da dutse mai rai. Wasu kan haɗa wani ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, inda babu kifi, domin kofifod su riƙa hayayyafa ruwa na kwararo da su. Haka kuma ba a haɗa shi da kifaye masu zafin nama da za su riga shi ga abinci.

Akwai kuma Chelmon rostratus, ɗaya daga cikin kifayen da ake kira malam-buɗe-littafi, mai dogon baki kamar hantsaki da yake zaƙulo tsutsotsi daga ramukan dutse. Mutane na sayensa da fatan zai cinye wata halitta mai harbi da ke addabar tankuna, mai suna Aiptasia. Wani ya ci, wani ya ƙi. Dabarar da aka fi yi masa ita ce a fara da tsutsa mai rai, ko a buɗe ɓawon wata halittar teku a ajiye masa ya yi ta tsattsagar naman, har ya saba da abincin da aka daskarar.

Zanclus cornutus, wanda ya fito da sunan Gill a fim ɗin Finding Nemo na 2003, soson teku ne babban abincinsa, kuma ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa a hannun masu kiwo. Shi kuwa Oxymonacanthus longirostris, mai ɗigo-ɗigon ruwan goro, kusan ba ya cin komai a teku sai naman murjanin Acropora. Wanda ya haɗa su a tanki ɗaya ya ajiye kura a garken awaki da hannunsa.

Gaskiyar magana ita ce, irin waɗannan biyun na ƙarshe sun fi dacewa da a bar su a teku, ko a manyan gidajen nuna kifi masu ma'aikata.

Hatsari ga murjani, da ga mai shi

Kifin da ba ya ƙoshi shi ne cuta ta fi saurin kamawa, musamman cutar farin ɗigo. Maganinta da aka fi sani na ɗauke da jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da jatan lande. Don haka akan killace sabon kifi a wani tanki dabam na tsawon makonni kafin a haɗa shi da saura.

Su ma murjanin ba zaman lafiya suke yi da juna ba. Wasu, kamar Galaxea, na miƙa dogayen hannuwa masu dafi cikin dare su ƙone maƙwabtansu, dalilin da ya sa ake barin tazara a tsakaninsu.

Wasu masu laushi dangin Palythoa na ɗauke da gubar falitoksin, wadda ke cikin mafiya ƙarfi da aka sani a jikin halitta. A shekarar 2018, an kai mutane goma asibiti a yankin Oxfordshire na Ingila, cikinsu har da ma'aikatan kashe gobara, bayan wani magidanci ya goge duwatsun tankinsa a wajen ruwa. Ana gargaɗin a sa safar hannu da tabarau, kuma kada a taɓa zuba wa irin wannan dutse tafasasshen ruwa.

Daga ina ake samo su?

Mafi yawan nau'o'in kifin teku da ake sayarwa don ado kamo su ake yi, musamman a Indunusiya da Filifins. Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifins suka fara fesa gubar sayanaid don sumar da kifi. An haramta hakan, domin gubar na kashe murjanin wurin, kifin ma yakan mutu daga baya.

Murjani mai ƙashi na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, saboda haka ba a fitar da shi daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini. Indunusiya ta dakatar da fitar da shi a 2018, sannan a 2020 ta sake ba da dama ga wanda aka noma a gonakin teku.

Shi murjani yana da sauƙin yaɗawa. Akan yanki ɗan reshe a manna a kan dutse ya ci gaba da girma, kuma ta haka masu kiwo ke musanye a tsakaninsu.

A ɓangaren kifi ma an samu ci gaba. A 2015 masu bincike a Hawaii suka yi nasarar hayayyafa kifin tang rawaya a tanki, a 2016 kuma takwarorinsu na Jami'ar Florida suka yi haka ga shuɗin. Kifin mandarin da aka ƙyanƙyashe a gona ma yana samuwa a kasuwa. Ya fi na teku tsada, amma tun yana ƙarami ya saba da abincin da ake zuba masa.

Ga wanda aka kamo daga teku kuwa, ƙa'idar da masu kiwo suka daɗe suna bi ita ce, mai saye ya nemi mai shago ya ciyar da kifin a gaban idonsa, ya kuma duba cikinsa da kyau kafin ya biya kuɗi.