Wa Ke Kafa Doka a Tabarmar Karta?

A gidajen Amurka akwai wata al'ada tsakanin abokai masu wasan karta da ake kira foka: duk wanda rabon kati ya zagayo kansa, shi zai faɗi irin salon da za a buga a wannan zagayen. Foka ta bunƙasa ne a birnin New Orleans da jiragen ruwan kogin Misisifi a farkon ƙarni na 19, kuma ba ta taɓa yin kasuwa a ƙasar Hausa ba. Amma wanda ya taɓa zama a majalisar dare a Takur ko Yalwawa cikin Dutse ya san irin wannan yarjejeniya, domin ba a raba katin Whot sai an tsayar da dokokin da za a bi.

Whot ba 'yar ƙasa ba ce. Wani Bature, William Henry Storey, ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta. Zanenta biyar ne: da'ira, kuros, tauraro, mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu. Lambobinta sun tashi daga 1 zuwa 14, babu 6 babu 9, sai katin Whot mai lamba 20 da ke bai wa mai shi damar kiran zanen da yake so. A Ingila tauraruwarta ta dusashe. A Nijeriya ta samu gindin zama.

Abin da ya ɗanɗana ta a nan shi ne ƙarin da 'yan wasa suka yi mata. Lamba 2 ta sa na gaba ya ja kati biyu, 5 ya ja uku, 8 ta tsallake shi, 14 kuma ta tura kowa kasuwa. To amma ana iya tare jan biyu da wata 2? Ana iya rufe wasa da 20? Nan ake rabuwa, kuma babu littafin da zai raba gardama. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, ma'aikatan da aka dawo da su daga Kano suka cika Dutse, mutanen Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim suka haɗu a gari ɗaya. A zama irin wannan, dokar mai gida ko ta mai raba kati ce kaɗai mafita.

Doka guda ce ba ta hannun mai rabawa, wato zancen kuɗi. Caca ta girmi karta a ƙasar Hausa, don tun zamanin da wuri ke matsayin kuɗi ake watsa shi ana ci. Alƙur'ani ya haramta ta a Suratul Ma'ida, kuma tun da Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ta zama abin da ke iya kai mutum gaban alƙali. Malamai sun saɓa a kan kartar da babu kuɗi cikinta, amma kansu a haɗe yake a kan wadda aka sa wa ko da naira ɗaya.

Shi ya sa a majalisar mutunci abin da ake ci bai wuce tsiya da dariya ba. Wanda aka lissafa katinsa ya fi na kowa nauyi ya tashi, na jiran layi ya zauna.