Yadda Binciken Sirri Ya Koma Darasin Jami'a

A watan Maris na 1951, shugaban Ajantina Juan Perón ya shelanta cewa wani masani, Ronald Richter, ya gano hanyar haɗe ƙwayoyin zarra a tsibirin Huemul, wato ya kwaikwayi yadda rana ke samar da zafinta. Da aka bincika, sai aka tarar holoƙo ne, hadarin kaka. Amma labarin ya riga ya shiga kunnen Lyman Spitzer, malamin ilmin taurari a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya kuwa zauna yana tunanin yadda za a yi abin da gaske.

Matsalar tana ga filasma, wato iskar gas da aka zafafa har ƙwayoyinta suka wargaje, ta zama mai ɗaukar lantarki. Kafin ƙwayoyin su haɗe, sai zafinta ya kai miliyoyin digiri, kuma babu tukunyar da za ta jure haka. Spitzer ya ba da shawarar a tsare ta da ƙarfin maganaɗisu cikin bututu mai siffar lamba 8, ya kira na'urar sitalareta. Gwamnati ta ba da kuɗi, ta kuma sanya aikin cikin sirri da sunan Matterhorn, sunan da wani rukunin masu lissafin bam ɗin haidurojin a jami'ar ke aiki da shi.

Nan aka sami cikas. Digirin digirgir ba ya cika sai ɗalibi ya fito da kundinsa fili, masana sun karanta sun yi masa suka. Binciken da ke kulle a durowar hukuma kuwa, da wuya ya yaye ɗalibai.

Kullen ya buɗe a watan Satumba na 1958, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da nukiliya don zaman lafiya, a Janiba. Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka baje abin da suke ɓoyewa, sai ga shi kowa bango ɗaya ya ci karo da shi: filasma takan ƙwace ta tsere kafin ta yi amfani. Ashe abin da aka yi ta gadi, yawancinsa rashin sani ne. A 1959 Princeton ta buɗe shirin karatun digirgir a fannin ƙarƙashin Thomas Stix, a 1961 kuma Matterhorn ya koma ɗakin binciken kimiyyar filasma na jami'ar.

Buɗewar ta zo da ɗacinta. A 1968 masanan Sobiyet suka ce na'urarsu, tokamak, ta kai zafin kusan digiri miliyan 10. Aka yi shakka, har sai da wata tawagar Birtaniya ta je Mosko a 1969 ta auna ta tabbatar. Princeton ta haɗiye girman kai, ta mayar da babbar sitalaretarta tokamak a 1970. A 1994 wata tokamak ta can ta samar da megawat 10.7, na ɗan ƙiftawar ido, kuma ƙasa da abin da aka zuba mata.

Mai shiga fannin yau ya kamata ya auna wannan tafiyar hawainiya. Digirin kan ci shekara biyar zuwa shida, ITER kuwa, babbar tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa bisa yarjejeniyar 2006, ba a sa ran ta fara aiki da cikakken makamashinta sai 2039.