Sunan da Akan Sa wa Abokin Gāba: Wasiƙun Barno da Sakkwato

Duk shugaban da zai fita yaƙi, kafin ya zare takobi sai ya raɗa wa abokin gābansa suna. Mu da muka karanta fiƙihu mun san dalili. Idan aka ce mutane kafirai ne masu yaƙi, dukiyarsu ta zama ganima, ana kuma iya bautar da su. Amma idan Musulmi ne suka yi tawaye, watau bugatu, ba a bautar da su, ba a kuma halatta dukiyarsu. To, kun ga kalma guda ita ce tsakanin ɗa da bawa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, yaƙi ya tashi da Yunfa Sarkin Gobir. Cikin 1808 mutanen Gwani Muktar suka ci Birnin Gazargamu. Sai Shehu Muhammadu Laminu, Alkanemi, wanda ya taimaki Mai na Barno aka ƙwato birnin, ya rubuta wa shugabannin jihadi yana tambaya: da wace hujja ake yaƙar masu salla da azumi da zakka?

An zargi Barnawa da yanka a wuraren tsafi, da fitar mata ba lulluɓi, da cin rashawar alƙalai. Alkanemi bai musa duka ba, wannan kuwa shi ne ƙarfin maganarsa. Ya ce saɓo ne, saɓo kuma ba ya fid da mutum daga Musulunci. Ana yin irinsa a Masar, ƙasar manyan malamai, ba wanda ya kafirta su.

Muhammadu Bello ya amsa, sai ya ɗora nauyin hujjarsa kan wani abu dabam, watau Mai ya goyi bayan sarakunan Haɓe a kan jama'ar Shehu, wanda ya jiɓinci kafirai kuwa hukuncinsu ya hau kansa. A ganinmu nan maganar ta yi rauni, domin Alkanemi bai yarda an tabbatar da kafircin da aka gina hukuncin a kansa ba tun farko.

Amma mu yaba wa Bello abu guda. Bai ɓoye maganar abokin gardamarsa ba, ya kwafe wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, shi ya sa muke karanta su yau. Tawada dai ba ta raba gardamar ba. Cikin 1827 Alkanemi ya taso da runduna ya nufo Kano, Yakubun Bauci ya tare shi, ya koma Barno.