Cibiyoyin nazarin manufofi da muhawarar kiwon ƙetare iyaka a Kudancin Kaduna

Cibiyoyin nazarin manufofi hukumomi ne da ke gudanar da bincike kan al'amuran mulki, tsaro da tattalin arziki, sannan su miƙa wa mahukunta shawara. Ba su da ikon kafa doka ko zartar da ita; tasirinsu yana cikin yadda suke tsara tambayar da jama'a da gwamnati za su yi muhawara a kai. A Najeriya akwai na gwamnati, irin su Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas, wadda aka kafa a 1961, da Cibiyar Nazarin Manufofi da Tsare-tsare ta Kuru, ta 1979, da Cibiyar Zaman Lafiya da Warware Rikici da ke Abuja, ta 2000. Akwai kuma masu zaman kansu, kamar CDD a Abuja da CEDDERT a Zariya, wadda marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya jagoranci kafa ta.

A Kudancin Kaduna, inda garuruwan Kafanchan, Zonkwa da Madakiya suke, muhawarar zumuncin ƙasashe maƙwabta ta fi karkata ga batu guda: matsayin makiyayin da ya kora shanunsa daga wata ƙasa zuwa yankin. Shin baƙo ne mai haƙƙi a ƙarƙashin yarjejeniya, ko kuwa wanda ya kamata a tare a bakin iyaka?

Tushen muhawarar

Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a 1975, ta amince da 'yancin zirga-zirgar jama'a a 1979. A Oktoban 1998 kuma shugabanninta suka zartar da ƙa'idar kiwon ƙetare iyaka a Abuja. Ƙa'idar ta wajabta wa makiyayi mallakar takardar shaida mai nuna yawan dabbobinsa, rigakafin da aka yi musu, hanyar da zai bi da kuma inda ya nufa. Ta kuma bai wa ƙasar da za ta karɓe shi ikon ƙayyade lokacin shiga da yawan dabbobin.

Batun ya ɗauki zafi bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a Arewa, mafi yawansu a Kudancin Kaduna. A Disambar 2016, gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya bayyana cewa wasu makiyaya daga Nijar, Kamaru da Chadi sun yi asarar 'yan uwa da dabbobi a rikicin, kuma gwamnatinsa ta bi sawunsu, har ta biya wasu diyya domin su bar ramuwar gayya. Wannan furuci ya jawo kakkausar suka daga shugabannin al'umma da na addini a yankin, waɗanda suka ce kamata ya yi a gurfanar da maharan a gaban shari'a.

Gudummawar cibiyoyin

Rawar farko da cibiyoyin suka taka ita ce haɗa masu saɓani a zaure ɗaya. Cibiyar HD mai hedikwata a ƙasar Suwizalan ta shiga tsakani, ƙarƙashin jagorancin Alice Wairimu Nderitu 'yar ƙasar Kenya. A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a, Kachiya, Kaura, Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan.

Rawa ta biyu ita ce sauya fasalin tambayar. A rahotonta na Satumbar 2017, cibiyar International Crisis Group ta danganta rikicin manoma da makiyaya da kwararowar hamada, cinye burtali da makiyaya, satar shanu da yaɗuwar makamai. Ta shawarci Najeriya da ta haɗa kai da Nijar, Chadi da Kamaru wajen sa ido kan shige da ficen dabbobi da makamai. Ma'anar wannan matsayi ita ce a ƙarfafa ƙa'idar 1998 ta hanyar aiwatar da ita, maimakon a yi watsi da ita.

Suka da iyakar tasiri

Masu sukar cibiyoyin suna kafa hujja biyu. Ta farko, sun ce bayanin da ya rataya komai a wuyan sauyin yanayi yana rage nauyin laifin wanda ya kashe rai. Ta biyu, ana rubuta mafi yawan rahotannin da Turanci, a Abuja ko a ƙetare, don haka da wuya su isa ga manomin citta a Kachiya ko makiyayi a Ladduga. Fulanin da suka yi shekaru aru-aru zaune a yankin su ma suna kokawa cewa yawan ambaton baƙin makiyaya yana sa a yi musu kuɗin goro.

Ita kanta yarjejeniyar Kafanchan ba ta hana sabon tashin hankali a ƙarshen 2016 ba, abin da ya nuna cewa takarda ba ta wadatarwa idan babu hukunta masu laifi. Sai dai shawarwarin masana sun bar sawu a matakan da suka biyo baya, irin su kafa Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a 2017, da Shirin Ƙasa na Zamanantar da Kiwo a 2019, da ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024.

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairu, 2025, ta buɗe sabon babi. Ƙasashen uku suna cikin manyan masu kiwo a Afirka ta Yamma, kuma ƙa'idar 1998 an gina ta ne a kan zamansu mambobi. Aikin da ke gaban cibiyoyin yanzu shi ne fayyace dokar da za ta tsara shigowar garken da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram, domin amsar za ta shafi gonakin Madakiya kai tsaye.