Gardamar Harshe A Ƙasar Amurka



Rannan da dare, bayan mun tashi daga karatu, wani dattijo cikin 'yan ajinmu ya tsaya, ya ce yana da magana. Ɗanshi yana Amurka shekara da shekaru. Can ya yi aure, can ya haihu. Duk ƙarshen wata yakan kira da salula. Amma in an miƙa ma jikokin waya, daga "sannu" sai "lafiya lau", sai shiru. Dattijo ya ce mini: "Malam, shin doka ce ta hana su Hausa a can?" Na ce mashi a'a, amma an taɓa yin doka irin wannan, kuma labarin yana da tsawo. Na yi alkawari in rubuta shi. To ga shi, kai ma mai karatu ka samu rabonka.

Ka sani, Amurka ƙasar baƙi ce. 'Yan ƙasa na asali suna da harsuna ɗaruruwa tun Turawa ba su zo ba. Cikin Turawan ma, ba masu Ingilishi ne na farko ba. Mutanen ƙasar Sifen ne sunka riga su. Harshensu shi ne Sifaniyanci, wanda 'yan lakkwal ke ce ma Espanyol. Sun kafa gari a Fulorida a 1565, yana nan har yau. Ingilishi ba su kafa nasu ba sai a 1607. Da anka rubuta tsarin mulkin ƙasar a 1787, ba a ambaci sunan wani harshe ba a ciki.

Gardama ta farko ma ba a kan Sifaniyanci anka yi ta ba. A kan Jamusanci ne. Jamusawa manoma sun cika jahar Fensilbaniya. Suna da coci-cocinsu, da lakkwal ɗinsu, da jaridunsu. A 1751 wani babban mutum, Benjamin Franklin, wanda hotonshi ke bisa takardar dala ɗari ta Amurka, ya rubuta kukanshi. Tsoronshi shi ne baƙin nan ba za su koyi Ingilishi ba, sai dai su maida kowa Bajamushe. Ka riƙe wannan magana. Za ka sake jin ta, sunan baƙon kaɗai ke canzawa.

Duk da haka an zauna lafiya shekaru da yawa. A 1839 jahar Ohayo ta yarda a karantar da yara cikin Jamusanci da Ingilishi in iyaye sun roƙa. A 1915, cikin ɗaliban manyan lakkwal na ƙasar, kusan ɗaya cikin huɗu yana koyon Jamusanci.

Sai yaƙi ya zo. A 1917 Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, tana faɗa da Jamus. Nan da nan maƙwabci ya zama abin zargi. An ƙone littattafan Jamusanci a wasu garuruwa. A 1918 gwamnan jahar Ayowa ya hana magana da kowane baƙon harshe a cikin jama'a, har a coci, har a waya. A 1919 jahar Nebraska ta yi doka: kada wanda ya koya ma yaro baƙon harshe sai ya gama aji takwas.

A wani ƙauye na Nebraska akwai malamin lakkwal, Robert Meyer. Ran 25 ga watan Mayu 1920, lauyan gwamnati ya shigo ajinshi ba sallama. Ya iske wani yaro ɗan shekara 10 yana karanta labarin Annabi Yakubu cikin Jamusanci. Meyer ya ga mutumin, ya san abin da ya kawo shi, amma bai juya harshe ba. Ya ci gaba da darasinshi. Anka kai shi gaban alƙali, anka ci shi tarar dala 25. Dalar Amurka nike nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Ya ƙi yarda, ya ɗaukaka ƙara. Kotun jaha ta ce ya yi laifi. Ya ƙara gaba. A 1923 Kotun Ƙoli ta ƙasa ta ba shi gaskiya. Ta ce malami yana da ikon karantarwa, iyaye kuma suna da ikon zaɓen abin da za a koya ma ɗiyansu.

Ni malami ne, ina jin daɗin labarin nan. Amma ihu ne bayan hari. Tun a 1922, masu koyon Jamusanci a manyan lakkwal ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Iyaye sun ji tsoro, sun daina yi ma ɗiyansu magana da shi ko a ɗaka.

Yanzu mu koma ga masu Sifaniyanci, don labarinsu dabam ne. Na farkonsu ba baƙi ba ne. Daga 1846 zuwa 1848 Amurka ta yi yaƙi da maƙwabciyarta ta kudu, Meziko. Meziko ta sha kashi. In ka haɗa da Teksas da anka ɗauke tun 1845, ta rasa wajen rabin ƙasarta. Dubban mutane sun kwana a Meziko, sun wayi gari a Amurka, ko tabarmarsu ba su ɗaga ba. Mu mun san irin wannan. Da Turawa sunka ja iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, wa ya koma hannun Faransa, ƙane ya koma hannun Ingila. Dubi sunayen garuruwan can: Los Anjeles, San Faransisko, Santa Fe. Duk Sifaniyanci ne. Los Anjeles ma'anarshi "mala'iku".

Da farko an ba su girma. Tsarin mulkin jahar Kalifoniya na 1849 ya ce a buga dokoki cikin harsuna biyu. Da masu Ingilishi sunka yi yawa, a 1879, anka soke wannan. A 1918 Teksas ta maida karantarwa da wani harshe ban da Ingilishi laifi. Yaron da anka ji yana Sifaniyanci a filin wasa, ko bulala, ko tara, ko a tsare shi bayan an tashi. Tambayi tsoffin 'yan lakkwal na garinku labarin "sambol", abin nan da ake rataya ma yaro a wuya in ya yi Hausa ko Zabarmanci. Za su gaya maka yadda kunyar take. Yaran Meziko da yawa sun bar lakkwal tun ba su yi nisa ba. Sai aka dinga cewa ba su da kai.

A lokacin nan kuwa gonakin Amurka suna neman hannu. Daga 1942 zuwa 1964 gwamnatocin biyu sun yi yarjejeniyar 'yan cin rani. An sa hannu a takardun ƙodago sama da miliyan huɗu. Suna tsinkar auduga, suna girbin kayan lambu, suna gyaran hanyar jirgin ƙasa. Ana son ƙarfinsu, bakinsu ne ba a so.

Abin ya juya ne daga inda ba a zata ba. A 1959 Fidel Castro ya kama mulki a tsibirin Kyuba. Waɗanda sunka fara gudu zuwa birnin Miyami manyan mutane ne: likitoci, attajirai, malamai. Suna tsammanin komawa gida ba da jimawa ba, don haka ba su son ɗiyansu su manta harshe. A 1963 anka buɗe masu aji mai harshe biyu a wata lakkwal mai suna Coral Way. Rabin yini Ingilishi, rabin yini Sifaniyanci. Har ɗiyan masu Ingilishi sun shiga, kuma karatu ya yi kyau. A ganina harshen bai canza ba. Shi ne dai wanda ake bugun yaro dominshi a Teksas. Aljihun mai maganar ne ya bambanta.

A 1968 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ba da kuɗi don karatu da harshe biyu. Shi kanshi a 1928 ya karantar da ɗiyan talakawan Meziko a wani ɗan gari na Teksas, Kotula, kuma a lokacin Ingilishi kaɗai ya yarda su yi. A 1974 kuma iyaye 'yan asalin ƙasar Sin sun ci shari'a a Kotun Ƙoli. Ɗiyansu wajen 1.800 a San Faransisko suna zaune a aji ba su jin abin da malami ke faɗi, ba mai taimaka masu. Kotu ta ce ba ka yi adalci ba don ka ba kowane yaro kujera iri ɗaya da littafi iri ɗaya, in wani ba ya jin harshen littafin.

Ba a daɗe ba tsohon tsoro ya dawo. A 1980 mutum wajen 125.000 sun ƙetaro daga Kyuba cikin kwale-kwale, wannan karon yawancinsu talakawa. A shekarar nan mutanen gundumar Miyami sunka jefa ƙuri'a: kada hukuma ta kashe ko sisi a kan wani harshe ban da Ingilishi. Sai a 1993 anka soke dokar. A 1981 wani ɗan majalisa, Hayakawa, ya nemi a rubuta cikin tsarin mulki cewa Ingilishi ne harshen hukuma. Shi kanshi an haife shi a Kanada, iyayenshi 'yan Japan ne. Majalisa ba ta yarda ba, amma jahohi wajen 30 cikin 50 sun yi irin dokar a gidajensu.

Kada ka ɗauka duk mai son Ingilishi maƙiyin baƙo ne. A 1996, a wata lakkwal ta Los Anjeles, iyaye masu Sifaniyanci ne da kansu sunka hana ɗiyansu zuwa aji. Yawancinsu ɗinki suke yi a masana'anta, kuɗi kaɗan, wahala da yawa. Sun ce yara suna shekara da shekaru cikin ajin Sifaniyanci, Ingilishi bai zauna ba. In haka ta ɗore, su ma a bakin keken ɗinki za su ƙare. Ban ga laifinsu ba. Uba yana son ɗanshi ya iya harshen asibiti, da na kotu, da na wurin neman aiki. Abin da anka koya mana wajen horon malamai, kuma muke gani a aji, shi ne wanda ya fara karatu da harshen uwa ya fi saurin kama na biyu. Amma sai da malamin da ya iya duka biyun, da littattafai. In babu su, yaro ya tashi ba tsuntsu ba tarko. A 1998 Kalifoniya ta jefa ƙuri'a, 61 cikin ɗari sun ce a rufe yawancin azuzuwan harshe biyu. A 2016 ta sake jefawa, sama da 70 cikin ɗari sun ce a buɗe.

Ga wani abin dariya. A 1957 Rasha ta riga Amurka harba tauraron ɗan Adam. Hankalin manya ya tashi. A 1958 sunka zuba kuɗi don a koya ma yara baƙin harsuna, shekara 40 bayan ƙona littattafai. Har yanzu masu koyon baƙon harshe a lakkwal wajen ɗaya ne cikin biyar. Wane harshe sunka fi koyo? Sifaniyanci. Mai kuɗi yana neman ma ɗanshi abin da anka fidda daga bakin ɗan talaka da bulala.

Ran 1 ga watan Maris 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata takardar umurni, ya ce Ingilishi ne harshen hukuma na ƙasa. Umurnin shugaba ne, ba dokar majalisa ba. Bai hana kowa yin harshenshi a gida ko a kasuwa ba. Masu yin Sifaniyanci a gida sun wuce miliyan 40.

To ina amsar dattijo? Masu bincike sun daɗe suna ganin abu ɗaya ga kowane irin baƙo. Wanda ya zo yana riƙe da harshen gida. Ɗanshi yana jin biyu. Jikanshi yawanci sai Ingilishi. Tsoron Franklin bai tabbata ba: yau wajen mutum miliyan 40 ke cewa asalinsu Jamus, amma masu yin Jamusanci a gida ba su fi miliyan ɗaya ba. Sifaniyanci ma, duk da rediyonshi da talabijin da unguwanni, baƙin da ke shigowa ne ke ƙara mashi jini. Balle Hausa, inda gida ɗaya ke nan, wani gidan sai an shiga mota. A nan ba a ma jiran jika.

Kafin in aika da takardar nan na karanta ma dattijon. Ya yi shiru. Can ya tambaye ni watan da ake hutun lakkwal a Amurka. Na ce ya yi daidai da damina. Ya ce in ara mashi biro, shi da hannunshi zai rubuta ma ɗanshi, a turo yaran bana su yi noma tare da shi.